Gashin Tejbir

Daga sansanin hutu, Rishikesh

Yaya Harnek,

Sat Sri Akal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da uwargida Yaya Baljit, da kuma hidimar bikin 'yarmu Simar.

Ka zauna kafin ka ci gaba. Ɗanka Tejbir yana raye, yanzu ma ya tashi daga kan gurasar roti da miyar wake.

Jiya muka fita kogi da ɗalibaina, har da shi, a kwale-kwalen roba. Hular kwano ta ƙi shiga kansa saboda tulin gashi, sai ya cire rawani ya kwance gashin ya cusa cikin rigar ceto. A inda ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu muka kife. Kowa ya taso, ban da shi. Gashin ya zame ya sarƙe a rassan wata bishiya da ta faɗa kogin. Ƙafafunsa kawai nake gani suna harbin iska. Akwai wuƙar yanke igiya a jikina. Na nutsa na yanke, Yaya, har ƙeya.

Na san tun haihuwarsa almakashi bai taɓa kansa ba, don addininmu na Sikh ya hana yanke gashi. Ni ma Sikh ce, ina kuka na yi. Shi dai tsoronka yake ji fiye da kogin. Ka rubuto masa kalma mai sanyi.

Ƙanwarka,
Rupinder

Daga Jalandhar

Rupinder,

Gaisuwa. Saƙonki ya iso.

Na ba ki amanar yaro, kin aske min shi kamar ɗan tunkiya. Yatsunki ciwo suke da ba ki warware ba? Dama tun kina ƙarama wuƙa ta fi miki sauƙi a kan haƙuri. Shi kuma sakaran, wa ya aike shi cire rawani saboda hular kwano?

Kin san irin gidan da Simar za ta shiga. Kakan angon ko gaisuwar wanda ya aske gashinsa ba ya amsawa. Na gaya wa mutane zazzaɓi ya kwantar da Tejbir a can. Kada ya zo bikin, kada ya shiga hoto. Gashin kuwa nawa ne, uwarsa ta shekara goma sha huɗu tana taje shi da man kwakwa, ba don kifaye ba. A kawo min abina. Wanda ya bar shi a ruwa ya san inda yake.

Ki karanta masa wannan, kada ki rage komai.

Harnek Singh

Daga sansani

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaishe da Mama da Yaya Simar.

Gwaggo ta ɓoye wasiƙarka amma na gani. Gaskiyarka, ni na cire rawani. Yara suna ce min "Ɗan tunkiya, me-e-e," don wani ya ji ina karantawa. Ba komai.

Daga gaɓa ana hango gashin a jikin reshe. An koya mana tuƙa ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya, malamin ya ce hannuna ya faɗa. Kada ka damu, Baba. Idan na kawo, zan iya tsayawa ko a bayan hoto ne?

Ɗanka mai biyayya,
Tejbir

Daga asibiti, Rishikesh

Harnek,

Ba gaisuwa yau.

Tejbir ya saci ƙaramin kwale-kwale ya koma bishiyar shi kaɗai. Can ƙasa da gada aka tsamo shi, ƙafarsa ta karye gida biyu, likita ya ce da wuya ya sake taka ta daidai. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin ya saki abin da ya riƙe. Da ya farfaɗo, tambayarsa ta farko: "Gwaggo, ya isa ko in koma?"

Ga abinka nan cikin ƙunshi. Na wanke, na taje, na shafa masa man kwakwa. Ka ajiye masa kujera a wurin biki, ka sa shi a hoto.

Yaron kuwa ba ka tambaya ba, don haka na riƙe shi.

Rupinder Kaur