Kada Wanzami Ya Taɓa Bakin Tukur

Inna, barka da safiya.

Na leƙo na ga kin koma barci, ni kuma ana jirana a ofis.

Jiya na ji kina gaya wa Baffa wai likita rabin aiki ya yi wa Tukur. Ba haka ba ne. Ina wurin, na ga hoton da idona. Saiwar haƙorin nan na can ƙurya tana kwance ne a kan jijiyar leɓensa na ƙasa. Shi ya sa likita ya yanke kan haƙorin kaɗai, ya bar saiwar da gangan, ya ɗinke dasashi. Da ya tumɓuke duka, leɓen na iya daina ji, wataƙila har abada.

Na san kin aika Ƙofar Ran a kira Malam Sale wanzami ya ƙarasa. Don Allah kada ya buɗe bakin Tukur. Kumburin zai sauka da kansa.

Idan ya zo, a gaisa, a ba shi kunu. In kuma hannunsa na ƙaiƙayi, ga Baffa nan, sumarsa ta isa aski.

Taki,
Sauda