Batirin Ladan

Ƙauyen Sidorejo, farkon Nuwamba 1999

Zuwa ga yayana Mas Warsito, a Klang, ƙasar Maleshiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma gyaran giyabos ɗin motocin mutane bai hana ka cin abinci ba. Mu nan lafiya. An yi mini wankan cikin wata bakwai, matan unguwa sun kwara mini ruwan furanni har haƙorana suna kaɗawa, mahaifinmu Bapak kuwa yana gefe yana addu'a kamar ba 'yarsa ake jiƙawa ba.

To amma akwai magana. Ungozoma Bu Sarinten ta duba ni, ta ce jaririn a gicciye yake kwance. Ta ce in bai juya ba, ita ba za ta karɓi haihuwar nan a gida ba, sai asibitin Temanggung, kuma ba a kan babur ba. Tana sa ran bayan ƙaramar Salla ne.

Ka san duk ƙauyen nan ba wata mota sai wadda ka bar mana. Ita ce kuma ta tsiro da wani hali. Da safe tana tashi garas. Da ta yi zafi sai ta yi nauyi, mijina Kang Tarmuji ya taka totur har ƙasa, tana gurnani tana jan ciki, wata fitila a gaban direba tana ta ƙiftawa. Shekaranjiya ta tsaya cak a tsakiyar Hawan Jati da kabeji a bayanta, sai da baya-baya ya sauko. Ka san kuwa ba hanyar gari sai ta hawan nan. Bakaniken kasuwa ya leƙa, ya ga ba kuloci, ya goge hannu ya ce shi ba ya taɓa motar da ke canza wa kanta giya.

Wuta ma babu, zaftarewar ƙasa ta kwashe turakun. Mas, ba na iya zama wuri ɗaya. In na kwanta hawan nan nake gani. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Rusmini

Klang, tsakiyar Nuwamba

Dik Rusmini,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a ƙarƙashin motar wani, har maigidana ya tambaya ko an yi mini rasuwa. Ki gaishe da Bapak da Tarmuji.

Da farko, me ya hana ki tafi gari tun yanzu ki zauna kusa da asibitin? Ki ba ni amsa, kada ki tsallake kamar yadda kika saba.

Maganar mota. Tana da ƙwaƙwalwa, duk abin da ya same ta tana ajiyewa, kuma za ta faɗa in an san yadda ake tambaya. Ki buɗe bonet. Ta hagu akwai wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, mai ramuka. Na zana miki shi a baya, na yi wa ramuka biyu alama. Ki lanƙwasa guntun waya ki haɗa su, ki murɗa makulli ba tare da kin tayar da inji ba, sai ki zuba wa fitilar nan ido. Za ta ƙifta, ta ɗan huta, ta sake ƙiftawa. Ki ƙirga na farko daban, na biyu daban. Lambar nan ita ce sunan ciwon. In kuwa tana ƙiftawa da sauri ba hutu, tana cewa lafiyarta ƙalau.

Ke za ki yi, ba Tarmuji ba. Na san shi, zai ƙirga uku ya fara labarin farashin taba. Kuma kada kowa ya zuba mata komai a giya. Na ce kowa.

Yayanki,
Warsito

Sidorejo, ƙarshen Nuwamba

Mas Warsito,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura har takalmin Bapak nake sawa.

Ga amsarka, ban tsallake ba. Gwaggon Kang Tarmuji da ke Temanggung ta ce in zo, amma sai bayan Salla, yanzu ɗakin cike yake da jikokinta. Kuma wa zai dafa wa Bapak sahur? Tun da mahaifiyarmu Ibu ta rasu ko ruwan zafi bai iya ba.

Na yi abin da ka ce. Na sami akwatin, na sa fil ɗin gashina a ramukan. Motarka ta ce lafiyarta ƙalau. Ƙif-ƙif-ƙif ba hutu, kamar budurwa ta ga saurayi. Washegari Kang ya fita da ita, ta sake yi masa wulaƙanci a gindin hawa. Da gari ya waye na sake tambayarta, ta sake cewa lafiya lau. Mako guda muna wannan wasan da ita.

Kang ya ce, "Dik, ko dai yayan naki ya manta aikin ne? Mota tana mutuwa a hannuna, ke kina nan kina ƙirga ido."

Na ce, "Kai da ko L da D ɗin da ke jikin giyar ba ka san bambancinsu ba."

Ya ce shi D kawai aka nuna masa, kuma D ya riƙe.

Ba wai ina lalaci ba ne, Mas. Kullum ina gama sallar asuba nake fita, Bapak na dawo da batirin daga masallaci ya ɗaura, ni kuma in sa fil ɗina. Ko zanen naka ne ba daidai ba? Jaririn bai juya ba. Jiya na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke tukwanen da ba a yi girki da su ba. Ka ce wani abu.

Ƙanwarka,
Rusmini

Klang, farkon Disamba

Dik,

Gaisuwa. Wane batiri ne Bapak yake dawowa da shi daga masallaci?

Na karanta layin nan na ajiye takardar, na fita na zaga gareji, na dawo. Kwana nawa na yi ina zargin kaina, na kwance giyabos ɗin wata irinta a nan don in ga inda na kuskure, ashe magana tana masallaci. Na gane. Babu wuta, Bapak ladan ne, lasifika na son batir. Tarmuji na dawowa da yamma yake cire shi, ko ba haka ba?

Ki saurara. Duk lokacin da aka cire batir, ƙwaƙwalwar motar tana mance komai. Da rana ta yi ciwo ta ajiye, da magariba Bapak ya goge, da safe ki tambaye ta ta ce ba ta san zancen ba. Ba ƙarya take yi ba. Ki tare ta tana dawowa da zafinta, kafin Bapak ya iso da sifanarsa.

Ga abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Lasifika tana shanye batir, kuma azumi ya zo, na san zai ƙara da tashin mutane sahur. In ranar ta zo batir ya yi sanyi, na san abin da za ku ce: a kira samari su tura. Rusmini, wannan motar ba a tura ta ta tashi. Ba irin motar kabejin Pak Jumadi ba ce. Ko duk ƙauyen suka tura ta har Temanggung ba za ta ce uffan ba. Daga yau batirin nan ya kwana a cikin mota. Ki gaya wa Bapak ni na ce.

Warsito

Sidorejo, tsakiyar azumi

Mas,

Barka da shan ruwa. Na tare ta da zafinta kamar yadda ka ce. Ta ƙifta shida, ta huta, ta ƙifta biyu. Na bar ta ta maimaita har na tabbata. Wallahi sai da na shafa mata bonet, na ji kamar maras lafiya ya buɗi baki.

Ina cikin haka Bapak ya iso da sifana a hannu. Na karanta masa wasiƙarka, sai dai na tsallake "ni na ce", don na san ku.

Ya ce, "Nduk, 'yata, wanda ya ƙetare teku ya bar ubansa shi zai koya mini inda batir zai kwana?"

Na ce, "Pak, ba don shi ba ne, don ni ne."

Ya ce, "Mutanen ƙasan kwari ba sa jin kira sai da lasifika. In suka makara sahur, alhakin a wuyan wa? Mota kuwa in ta ƙi tashi sai a tura. Yau aka fara?"

Na yi masa bayani, bai yarda ba. Sai Kang Tarmuji, Allah ya shi masa albarka, ya ce a gwada. Washegari aka kira samari bayan la'asar, da azumi a bakinsu, suka tura ta daga ƙofar gida har gadar rafi, makulli a murɗe. Ko tari ba ta yi ba. Suka zube a bakin hanya suna haki, wani ya ce wa Bapak, "Mbah, wannan ai sai dai a ɗauke ta a ka." Kowa ya yi dariya ban da Bapak. Ya tsaya yana kallon motar, ya juyo ya kalli cikina, ya wuce masallaci.

Da magariba kuma ya zo ya cire batirin, bai kalle ni ba. Na shiga ɗaki na yi kuka. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ka san kiran nan shi kaɗai ya rage masa. Ka faɗa mini ma'anar shida da biyu. Marata ta fara ɗaurewa wani lokaci.

Ƙanwarka,
Rusmini

Klang, ƙarshen Disamba

Dik Rusmini,

Sannu da ƙoƙari. Shida da biyu labari ne mai daɗi, giyar ba ta mutu ba. A cikinta akwai wani ɗan famfo mai aiki da lantarki, shi ke buɗe wa mai hanya ta shiga giyar farko. In ya yi zafi sai ya daina aiki, motar ta tashi da babbar giya, kamar a ce mutum ya hau tsani da buhu biyu a kai. Na sayi sabo, amma ba wanda zai ɗaura a wurinku, kuma ba lokaci.

Ba a buƙatarsa yanzu. Ki ce wa Tarmuji ya saki D ɗin nan nasa. A gindin Hawan Jati ya tsaya, ya ja sandar giya har ƙasa zuwa L. A nan hannu ne ke zaɓar giya, ba ruwanta da famfon. Za ta yi ihu, za ta tafi kamar mai jin barci, kada ya ji tsoro, kada ya canza sai ya kai sama. Ya gwada tun gobe.

Na nemi izinin zuwa, fasfona yana hannun kamfani, sun ce sai bayan Salla. Ina ɗaura ƙusa ina kwancewa, ban san me nake yi ba.

Wannan sashen ki karanta wa Bapak, kada ki tsallake komai. Pak, ina neman gafara, na tafi ba da son ranka ba. Ba umarni nake bayarwa ba, roƙo nake. Tun muna yara muryarka ke tashinmu, kuma lokacin babu lasifika. Ka bar wa Rusmini batirin.

Ɗanku,
Warsito

Temanggung, kwana uku kafin Salla

Zuwa ga ɗana Warsito.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai wasiƙarka ta iso an karanta mini duka. Amma tun kafin ta iso na daina taɓa batirin. Daga hasumiya nake kira da bakina, sahur kuma ina sauka kwari ina buga ƙofofi. Muryata ta dishe, mutane suna tsokanata.

Naƙuda ba ta jira Salla ba. Shekaranjiya da hantsi ta tashi, ana ruwa. Mota ta tashi da murɗawa ɗaya. Tarmuji ya sa L ɗin da ka ce. Ni na sauka a gindin hawa na bi ta a baya da dutse a hannu, ko za ta zame in tokare taya. Ba a buƙaci dutsen ba.

An yi wa Rusmini aiki, tana lafiya, tana ta surutu. Mace aka samu. Tarmuji ya ce ni in yi mata kiran salla a kunne. Na buɗe baki, abin da ya fito bai fi raɗa ba. Ta ji. Ta daina kuka ta buɗe ido.

Ka zo da famfon naka ka ɗaura da kanka. Ka zo ka ga jaririyar.

Mahaifinka,
Sastro Wiyono