Kalmar da Bakina Ya Ƙi Faɗa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Yelwa lafiya lau.

Ranar Talata a ajinmu na manya, Malama Asabe ta koya muna yadda ake faɗin aikin da mutum yake cikin yi a baya da Turanci: a sa "was", a liƙa "ing" a wutsiyar aikin. Ta ce kowa ya kawo misali daga gida. Na tashi na ce, "Inna is smoking fish."

Ta ce, "A'a Rabi, wannan na yanzu ne. Ce 'was'."

Yaya, sai bakina ya ƙi. Da Hausa in na ce Inna tana bandar kifi, ba mai tambayata jiya ko yau. Turanci kuwa sai na yarda ta wuce. Da Malama ta ji Inna ta rasu, ta ce in zauna. Ban zauna ba sai da na faɗa daidai, ina hawaye.

Ki sa Inna a addu'a, ni kuma ki roƙa mini haƙuri. Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Rabi