Sunan da Zai Shiga Littafin Mashigi

Áth na Sceach,
9 ga Afrilu, 1936.

Zuwa ga Yaya Gobnait,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Boston, ya maigidan da yara? Ina fata ƙafar taki ta yi sauƙi.

Kin san shekara ashirin ke nan ina koyarwa, ina kuma tara bayani kan kalmar áth ta harshenmu, wato mashigin da ake ƙetare kogi da ƙafa. Wani masani ya zo daga Dublin yana haɗa littafi kan sunayen garuruwa, kuma kowane gari mutum ɗaya za a ambata. Na ba shi shayi, na bayyana masa cewa kalmar namiji ce, takan zama átha in an jingina mata wani abu, kuma asalinta tsohuwar saiwa ce mai nufin tafiya. Ya ce duk ya san wannan, mashigin yake son gani.

Yaya, ni ta gada nake bi, ban taɓa bi ta mashigin ba. Na ɗauko tsohuwar taswira na kai shi inda ta nuna. Taku biyar, ruwa ya kai mana ƙirji. Diarmaid Rua makiyayi, wanda muka yi aji ɗaya ya gudu bai iya rubuta sunansa ba, shi ya miƙo mana sanda.

"Malam, wanka ake yi da kwat yanzu? Mashigin ai ya tashi daga nan tun kakarka tana budurwa!"

Ashe ambaliyar hunturu tana matsar da shi kowace shekara, sai makiyaya su saki tsohuwar saniya a gaba, inda ta bi nan ne hanya. Kwana uku masanin yana bin Diarmaid yana rubutu. Ni ina leƙensu ta tagar aji.

Ƙaninki,
Fiachra.

2 ga Mayu, 1936.

Yaya Gobnait,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga wasiƙarki. Kin ce hassada ce. Ban musa ba.

Masanin ya aiko mini da takarda, tunda Diarmaid ba ya karatu, in rubuta sauran abin da ya sani. A ƙasa akwai layi ɗaya na sunan mai ba da bayani. Ni kaɗai zan cike, ni zan kai gidan waya. Kwana huɗu takardar tana kan teburina. Sau biyu na tsoma alƙalami a tawada don in sa nawa, har na gwada a wata takarda in ga yadda zai fito.

Jiya na rubuta nasa. Kada ki yabe ni, tsoron tambayar masanin ne, ba kirki ba. Na same shi a gona yana shuka dankali, na nuna masa, ina jiran godiya. Ya riƙe takardar a kife.

"Wannan tsutsar ce ni? To, madalla. Malam, ɗaga ƙafarka, ka taka mini kunya."

Ya koma kan aikinsa. Abin da na yi shekara ashirin ina nema ya samu, ko ɗago kai bai yi ba. Littafin na iya haƙura da shi, Yaya. Wannan rashin damuwar tasa ce ta tsaya mini a wuya.

Ki gaishe mini da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Fiachra Ó Maoláin.