Safar da Darlene Ta Saƙa

Yaya Kande,

Ina gaisuwa daga Michigan ta Amurka. Ya jikin Inna? Ni lafiya, kada ki damu.

Zancen cikin nan da nake ɗauke da shi ne. Likita ya ce yaron ba zai rayu ba, aka cire. Kamfanin inshora ya ƙi biya, wai doka ta ce inshorar cire ciki daban ake saye tun farko. Yaya, wa ke sayen likkafani kafin suna?

Maƙwabciyata Darlene, wadda ta bi gida-gida neman goyon bayan dokar, ita ta saƙa wa yaron safa tun yana ciki. Ta ɗauka ɓari na yi. Kullum sai ta kawo miya, ta ce, "Ci mana, 'yar nan, duk kin rame."

A aiko mini da daddawa. Kada Inna ta ji. Safar tana ƙarƙashin matashina, kuma kullum da ɗuminta.

Ƙanwarki,
Lantana