Atamfar Makokin Mama

Bantama, Kumasi,
Talata.

Zuwa ga Yaya Afrakoma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Hamburg? Ya ƙarin haƙurinmu?

An binne Mama ranar Asabar. Gara ki ji sauran daga bakina kafin hotuna su iso miki.

Kin san dangi sun ɗora mini atamfar makoki, tunda ni ce na rubuta wa kamfanin buga atamfa manhajar launinsu. Na zaɓi jan da ya dace da makoki a al'adarmu. A wurin kwamfuta kowane launi lamba uku ne: ja, kore, shuɗi. Namu 200, 8, 21. Injin kuwa da ƙirgen sha shida-sha shida yake aiki, kuma kowace lamba sai ta ci gurbi biyu. Ya kamata manhajar ta ba shi C80815, wato C8, 08, 15. Sai ta rubuta takwas ɗin tsirararsa, ba sifili a gabansa. Da injin ya ga gurbi biyar, ya cike da nasa sifilin daga farko, komai ya gusa. Jan ya koma kore shar, irin na ganyen ayaba.

Shekara uku manhajar nan tana aiki, ƙaramar lamba ba ta taɓa faɗo mata ba sai a kan Mama. Ban nemi ganin samfur ba, ina can wurin masu akwatin gawa.

Yadi ɗari shida, ranar Alhamis suka iso. Babu lokacin sakewa. Kawu Boakye ya daɗe yana juya ƙyallen a hannunsa, sannan ya ce, "'Yata, biki kika shirya wa ƙanwata?" Ya yanke cewa ba zan zauna a layin masu karɓar gaisuwa ba. Na ce to.

Haka muka fita kore, mutum ɗari. Na zauna a baya kusa da masu kiɗa. Na ji ana raɗa, ban ji ciwo ba. Yaya, ban ji komai ba, har yau ko hawaye ban yi ba. Ina cin abinci, ina wanka.

Jiya na koma ofis na ƙara sifilin. Bai kai minti ɗaya ba. Jan ya fito daidai, na zauna ina kallonsa har aka tashi.

Na sa miki yadi shida a jakar Anti Serwaa, da za ta taho wurinku. Kada ki nemi ja a can. Da wannan muka raka ta.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Ohenewaa