Yau Doron Bayana Ya Yi Rana

Asabar, 14 ga Satumba, 2024. Unguwar Flatbush, bayan Isha.

Gwiwoyina na zogi, amma yau na ci nasara.

Maƙwabcina Alhassan, mutumin Kumasi, ya sayo ɗan ɗakin nan da ake ɗora wa a-kori-kura a baya, zai tafi yawon duwatsu da shi mako mai zuwa. Na daɗe ina roƙon ya tafi da ni, don na gaji da zama ni da bango. Ya ce, "Baba, in ka hau da ƙafarka ka yi salla a ciki, mun tafi. In ka kasa, a bar maganar."

Na kama ƙarfen ƙofa na hau ina haki. Jikin ɗakin na alminiyam ne mara nauyi, amma na girgiza gadon da ke ciki bai motsa ba. Akwai sola a kan rufi, da ɗan tankin ruwa da zai ishi alwala. Filin ƙasan kuwa darduma ɗaya ya ci, sai da na sa Alhassan ya juya motar kanta ta fuskanci alƙibla.

Ya shigo ya miƙe zai nuna mini fitila, rufi ya ƙwale shi, hula ta faɗi. Ni da tsufa ya ranƙwafar, na tsaya daidai, har da sauran wuri.

"Baba, ashe kai suka gwada suka ƙera shi!"

Na ce, "To, sai ka yi taka sallar a waje."

Na yi La'asar a tsaye har sallama. Rigar sanyina na nan kan kujera, na riga na ninke ta don tafiya.